Wanda Ya Zauna a Jirgin Babana

Zama ya yi. Duk abin da ya jawo mana wannan bala'in ke nan, Ermes ya shiga jirgin babana ya zauna.

Da sata ya yi, ko wani babba ya zaga, da na san ta inda zan fara ba da haƙuri. Amma ranar Asabar da hantsi, kasuwar kifi ta cika ta batse, mutumin da na yi wata takwas ina wasa shi a gida ya sa ƙafa cikin jirgin fito, jirgin ya ɗan motsa, shi kuwa ya yi zaman 'yan bori a kan katako ya ƙanƙame gefe da hannu biyu.

Babana, Nane Busetto, shekara arba'in da ɗaya yana fito a Babban Ruwa da ya ratsa garinmu Veneziya, daga bakin unguwarmu zuwa kasuwar Riyalto, ya dawo ya koma. Sana'ar ubansa ce, ta kakansa ce. Ƙetarawar ba ta kai minti biyu ba, kuma duk ɗan Veneziya a tsaye yake yinta, ko da kwandon kifi a hannu ɗaya da jariri a ɗayan. Baƙi ne ke zama, masu malafa da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Shi ya sa babana bai taɓa tambayar fasinja daga ina yake ba, gwiwarsa yake kallo. Wanda ya tsaya ya jefa 'yan sulallansa na 'yan gari ya yi gaba. Wanda ya zauna yuro biyu ne, kuma in an isa sai a miƙa masa hannu ya dafa ya sauka.

Mahaifiyata tana naƙudata ta ƙetare ruwan nan a tsaye. Labarin nan na ji shi ya fi sau dubu, don tun da ta rasu babana ba ya shan kofi biyu na giyar inabi bai ba da shi ba.

To ni ce 'yar matar nan, Fosca, ran Asabar ɗin a cikin jirgi na juya cike da alfahari zan ce Baba ga Ermes, sai na ga babu kowa a kafaɗata. Sai da na kalli ƙasa na same shi, fuskarsa ta yi fari fat.

Memo, abokin tuƙin babana da ke riƙe da filafilin gaba, ya ƙyalƙyale da dariya har yana tari. Babana kuwa ya ci gaba da aikinsa. Ya tuƙa mu a hankali, ya sa jirgi a matsaya, sannan ya miƙa wa Ermes hannu cikin ladabin nan nasa da ya fi mari zafi.

"Yuro biyu, maigida. A sauka lafiya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma a garinmu ina ƙasar take? Ko'ina ruwa.

Da yamma aka zauna cin abinci mu uku, ni da Baba da Gwaggo Zanze, yayarsa, wadda ta raine ni kuma a teburin kifinta nake aiki. An dafa sardin da albasa da tuwon masara, abincin da Baba ya fi so, amma kowa sai juya cokali yake. Gwaggo ce ta fara, kamar kullum. Ta ce ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba. Mutumin dutse, daga can tsaunukan Kadore inda ba abin da suka sani sai shanu da itace, me ya haɗa shi da 'yar Busetto? Ta ce duk kasuwa yau zancen da ake yi ke nan, har mai sayar da kabeji sai da ya tambaye ta ko za a saka wa jirgin Nane kujera mai laushi saboda suruki.

Daga nan ta gangaro kan abin da take so ta faɗa tun farko. Alvise.

Alvise Tagliapietra yana da jiragen tasi masu inji guda uku, da gidaje huɗu da ya fitar da tsofaffin 'yan haya ya mai da su masaukin masu yawon buɗe ido. Tun muna makaranta yake bina, tun muna makaranta nake ƙinsa. Ƙamshin turarensa kan riga shi shiga lungu. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, duk rayuwata ina jin babana yana tsine wa masu jiragen inji, yana cewa igiyar ruwansu ce ke cinye gindin gidajenmu, su ne za su nutsar da garin nan. Amma yau da Gwaggo ta ambaci sunan, sai ya gyaɗa kai ya ce, ai Alvise ɗan gida ne.

Na ajiye cokali.

"Ɗan gida? Wanda ya kori Inna Pina daga ɗakin da ta haifi 'ya'yanta shida don wasu su kwana biyu su tafi?"

"Ko me ya yi, a tsaye yake yinsa," in ji Baba. "Kakansa da kakana tare suka yi tseren jirgi. Shi wancan naki wa ya san ubansa? Baƙo raɓa ne, Fosca. Rana na fitowa za ki neme shi ki rasa."

"Shekararsa shida a garin nan, Baba. Rabin jiragen da ke yawo a ruwan nan hannunsa ne ya gyara su. Naka ma shi ya canza masa katakon ciki bara, kai da bakinka ka ce ba ka taɓa ganin aiki mai kyau kamarsa ba."

"Na yaba aikinsa, na biya shi kuɗinsa. Ban ce ya zo ya ɗauki 'yata ba."

Ya ture faranti ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce jinin Busetto bai taɓa zama a jirgi ba, kuma ranar da jininsa ya zauna, to ranar ba shi da 'ya. Gwaggo ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ce Allah ya kiyaye, sannan ta ƙara wa kanta kifi.

Washegari ko coci ban je ba. Na nufi masassaƙar jirage inda Ermes ke aiki, raina a ɓace, don na kwana ina lissafin wani abu da ya hana ni sakat.

Wata takwas muna tare. A wata takwas ɗin nan ba mu taɓa shiga jirgi tare ba, ko sau ɗaya, sai jiya. In zai raka ni kasuwa sai ya ce mu bi ta gada. In na ce ga fito nan kusa, sai ya yi murmushi ya ce shi ba ya son hanyar da za ta raba shi da ni da wuri. Ni kuwa sakarya sai in ji wani daɗi ya lulluɓe ni. Muna zagaye na minti ashirin, muna kutsawa cikin baƙin da suka tsaya cak a tsakiyar gada suna hoto, ina faɗa wa ƙawayena na samu mai sona da ba ya gajiya da tafiya da ni. Ashe gudun ruwa yake.

Na same shi shi kaɗai, yana goge cikin wani jirgi da aka kife a kan gungumen itace. Da ya gan ni ya ajiye kayan aiki ya sunkuyar da kai.

"Ka mai da ni abin dariya," na ce. "Ba zaman ne ya fi ƙona min rai ba, Ermes. Ƙaryar ce. Duk zagayen nan da muke yi ta gada, ni na ɗauka so ne."

"So ne."

"Tsoro ne."

"Duka biyun ne, Fosca."

Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce da ya faɗa min tun farko da na san yadda zan yi, da na haɗa su a gida, da na jira, da na koya masa. Na ce mutum yana sassaƙa jirgi da hannunsa yana tsoron shigarsa, wannan ai sai ka ce mahaucin da ke gudun jini. Na ce ko yaron goye a unguwarmu ya fi shi zuciya. Wannan ta ƙarshe da ta fito na so in mai da ita, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ya bar ni na gama. Sannan ya zauna a kan wani kututture ya fara magana, idonsa a kan hannuwansa.

Ya ce a ƙasan ƙauyensu akwai tafki mai sanyi kamar ƙanƙara. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya saci ƙaramin kwalekwalen kawunsa, ya ɗauki ƙanensa Tullio mai shekara bakwai. Da suka kai tsakiya sai Tullio ya ce a koma, yana jin tsoro.

"Na ce masa babu abin tsoro, dubi. Na miƙe tsaye, Fosca. Na miƙe don in nuna masa ni babba ne. Na ma ɗaga ƙafa ɗaya ina dariya."

Ya ci gaba.

"Ni na kama gefen jirgin da ya kife. Shi sai bayan kwana biyu aka same shi. Uwata ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ko sau ɗaya, kuma wallahi da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Kin ce me ya sa nake sassaƙa jirgi? Don in tabbata wanda ya fita daga hannuna ba zai kife da ɗan kowa ba. Amma in na sa ƙafa a ciki ya motsa, ba ni nake zama ba. Gwiwoyina ne ke yanke hukunci ba su tambaye ni ba."

Hawaye suna zubo masa, bai share ba. Ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba. Na durƙusa a gabansa cikin garin katako da kayana na Lahadi.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ranar da muka fara haɗuwa kika ba ni labarin mahaifiyarki. Idonki yana ƙyalli kina ba ni. Ta ina zan fara?"

Har yanzu ina jin haushinsa, kada a ce na daina. Amma haushin ya koma gefe ya bar wa wani abu wuri.

Na koma gida na sami Baba yana shafa wa filafilinsa mai. Na faɗa masa komai, ina zaton ko dutse ne ya ji sai ya yi laushi. Ya saurare ni har ƙarshe, hannunsa bai tsaya ba. Sai ya ce shi ma ruwa ya ci ƙanensa Gigio a bakin teku, suna samari, shi ya ɗauko gawar a jirginsa, kuma washegari ya koma fito don mutane na jiran ƙetarawa. Ya ce ruwa bai bar gidan kowa a garin nan ba, amma ba su zauna ba.

"Kowa da irin zuciyarsa, Baba."

"To ni irin tamu nake nema wa jikokina."

Na yi kuka, na yi roƙo, na yi fushi, na ƙi cin abinci kwana biyu. Ran na uku, da ya ga abin nawa ba na ƙarewa ba ne, ya kira ni ya kafa sharaɗi. Saura kwana goma sha biyu ranar San Marko, ranar da kowane namiji ke kai wa macen da yake so jan wardi guda ɗaya wanda bai buɗe ba. Ya ce Ermes ya shigo jirginsa da ƙarfe goma na safe daga ɓangaren unguwa, da wardinsa a hannu, ni kuma in jira a ɓangaren kasuwa. In ya iso a tsaye, ya ba shi ni. In ya zauna, magana ta ƙare, kada a sake kiran sunansa a gidan.

Gwaggo Zanze tana wanke-wanke a lokacin, amma na lura ƙarar kwanoni ta tsaya daidai sanda aka faɗi ƙarfe goma.

Da na kai wa Ermes saƙon ya ce zai yi. Kullum da safe kafin in tafi kasuwa nakan biya ta masassaƙa, mu saka wani tsohon jirgi a siririn ruwan da ke bayanta. Ran farko ko miƙewa bai iya ba. Ran na biyu ya miƙe ya yi amai. Ni da ban taɓa tunanin yadda ake tsayuwa ba, don ba wanda ke tuna yadda ya koyi tafiya, sai ga ni ina rarraba abin dalla-dalla: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a saki gwiwa kada a ƙame, kada a kalli ruwa, a kalli inda za a je. Ya ce to shi ni zai kalla. Na ce ya daina daɗin baki ya gyara ƙafarsa.

Ba ni da haƙurin koyarwa, na sani. Na yi masa tsawa, na kira shi buhun gawayi, sau biyu na tafi na bar shi. Amma ran na tara ya tsaya na tuƙa shi har ƙarshen lungun ruwan muka dawo, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana dariya kamar wanda aka yi wa bushara. Ran nan na yarda za mu ci.

Ranar San Marko gari ya waye tas. Duk macen da ka gani a kasuwa da wardinta, har tsofaffin da mazansu ke tafe da sanda. Babana ma nasa na soke a aljihun rigarsa, wanda yake kai wa kabarin mahaifiyata a tsibirin maƙabarta duk shekara in ya tashi aiki.

Tun ƙarfe takwas aka kawo min kwando guda na wardi daga Alvise, sun fi hamsin, duk sun buɗe sun baje. Ɗan gidan ke nan, wanda kakansa ya yi tsere da kakana, bai ma san guda ɗaya ake bayarwa ba. Ko ya sani, ya ɗauka komai da yawa ake sayensa. Gwaggo ta yi ta shafa su tana cewa wannan shi ne namiji. Na ɗauki kwandon na ajiye shi kusa da bokitin kayan cikin kifi na ci gaba da aikina.

Goma saura kwata na wanke hannu na je matsaya. Zance ya riga ya zaga. Masu kifi sun bar teburansu, masu kayan miya sun zo, har mai gidan shan kofi ya fito da tsumma a kafaɗa. Wasu baƙi da suka ga taro suka tsaya su ma, suna ɗaga wayoyi, ba su san me ake jira ba.

Na hango shi a ɗaya gaɓar, cikin farar riga. Ya shiga bayan wata tsohuwa da wasu maza biyu. Jirgi ya motsa. Na riƙe numfashina.

Bai zauna ba.

Memo ya tura, Baba ya juya gindin jirgi, suka fito fili. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kamar yadda na koya masa, wardin a ƙirjinsa, idonsa a kaina. Surutun kasuwa ya ɗauke. Suka wuce kashi ɗaya cikin uku, suka kai tsakiya, suka fara gangarowa. Na ji wata mata a bayana tana cewa kai, ɗan dutsen nan zai yi fa. Har na fara ganin fuskarsa sosai, yana ƙoƙarin yi min murmushi.

Sai na ji ƙarar inji.

Kowa a garin nan ya san gudun da aka yarda a yi a Babban Ruwa, kuma kowa ya san ana rage wuta in jirgin fito na tsakiya. Tasin da ta ɓullo daga kwanar gada ba ta rage ba, ƙarawa ta yi. Babu fasinja ko ɗaya a ciki. Alvise ne da kansa a kan sitiyari, da baƙin gilashi, ya gifta ta bayan jirgin babana ya yi kwana mai faɗi ya bar ruwa yana tafasa.

Igiya ta farko ta daki jirgin, tsohuwar ta dafa kafaɗar na kusa da ita tana zagi. Ermes ya yi tangaɗi ya tsaya. Ta biyu ta zo, ya tsaya. Ta uku ta ɗaga gefen jirgin har ruwa ya fantsamo ciki, na ga idonsa ya bar kaina ya sauka kan ruwan. Daga nan na san an gama. Ya sulale ya zauna, hannu ɗaya ya ƙanƙame katako, ɗayan ya ɗaga wardin sama don kada ya jiƙe.

Dariya ta ɓarke. Ba kowa ba, amma ta isa. Daga nesa Alvise ya ɗaga min hannu.

Ni ba su nake kallo ba, babana nake kallo. Mutumin da in mai inji ya kuskura ya tayar masa da ruwa sai an ji zaginsa a gaɓa biyu, ya haɗa da uwa da uba da kakanni, ya rubuta lambar jirgi a tafin hannu ya kai ƙara. Yau ya ga abin da aka yi, ya san wanda ya yi, ya san dalili, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tuƙi.

Ban taɓa jin irin wannan fushin ba. Ba mai zafi ba ne, sanyi gare shi.

Jirgi ya taɓa matsaya. Tsohuwar da mazan suka fita suna ƙunƙuni. Baba ya tako ya miƙa wa Ermes hannu, ya buɗe baki zai faɗi abin da kowa ya san zai faɗa. Kafin ya faɗa na dira cikin jirgin.

"Ka gani, Baba."

"Na ga ya zauna."

"Ka ga wanda ya zaunar da shi. Shekara arba'in kana tsine wa masu tayar da ruwa, yau an tayar maka a kan idon duniya ka haɗiye harshenka, don ya yi maka daidai. Gwaggo ta kai wa Alvise lokaci, shi ya kawo inji, kai ka yi shiru. Ku uku kuka taru a kan mutum ɗaya, kuma sai da igiya uku kafin ya kai ƙasa."

"Ruwa ba ya tambaya kafin ya tashi," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sharaɗi sharaɗi ne. Fita ki koma bakin aikinki, mutane na kallo."

"Su kalla. Ai don su ake komai a gidanmu."

Ermes ya kama bakin rigata. Ya ce in bari, in yi wa Allah in bari, shi ya faɗi, kada in rasa ubana saboda shi. Ya ce shi ya san yadda gida yake zama in an rasa mutum ɗaya a teburi, ba ya so ya sake jawo wa wani gida haka. Yana magana yana kuka, yana miƙo min wardin, wai in karɓa kawai ya tafi.

Na karɓa. Ko ganye ɗaya bai karye ba.

Sannan na tattara siket ɗina, ni Fosca 'yar Nane Busetto, 'yar matar da ta ƙetare ruwan nan a tsaye da naƙuda, na zauna a kan katakon kusa da shi. Katakon a jiƙe yake, da sanyi. Shekara ashirin da shida ina shiga jirgin nan ban taɓa sanin haka gari yake ba in an kalle shi daga ƙasa.

Wani ya ja salati irin namu, ya kira sunan Budurwa Maryamu. Na ji muryar Gwaggo tana kiran sunana daga cikin taro. Memo ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta.

Na zaro sulalla biyu masu yuro bibbiyu daga aljihun gaban rigar aikina, na ajiye a gefen jirgi inda baƙi ke ajiyewa.

"Mutum biyu," na ce. "Ɗaya gaɓar za mu."

Tun ina ƙarama na san dokar fito, daga bakinsa na koya. Wanda ya biya sai an ƙetare da shi, ko maƙiyinka ne, ko wanda ya kashe ubanka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Baba ya daɗe yana kallon kuɗin nan. Bai taɓa karɓar ko sisi daga hannun jininsa ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce a raina yanzu zai watsa su cikin ruwa ya daka min tsawa in tashi, kuma wallahi da ya yi haka da na ji daɗi.

Ya ɗauka ya sa a aljihu, kusa da wardin mahaifiyata. Ya koma gindin jirgi ya ɗauki filafili.

Ba wanda ya sake shigowa. Muka fita mu huɗu, kasuwa ta yi tsit a bayanmu. Ban juya ba, amma ina jin tuƙinsa a jikina, don na san shi kamar yadda na san takunsa a matakalar gida. Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Sauran igiyar da ta rage a ruwan yana tarar ta da filafili tun kafin ta iso, yana kwantar da ita, jirgin na tafiya sumul ko girgiza babu. A hankali na ji hannun Ermes ya saki katako.

Muka isa. Ermes ya fita ya tsaya yana jirana. Na miƙe zan taka matsaya kamar yadda na saba, sai na ga hannu a gabana. Hannun da yake miƙa wa baƙi, wanda ko ina 'yar shekara huɗu bai taɓa miƙo min ba, don ya ce 'yar Busetto ba ta dafa kowa.

Na ɗaga kai na kalle shi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, gemunsa a jiƙe.

"Baba," na ce.

Na dafa hannun, ya riƙe ni da ƙarfi har sai da ƙafata biyu suka hau katako.

"A sauka lafiya, baiwar Allah," ya ce.

Sannan ya saki, ya juya ga mutanen da ke layi, ya tambaya saura wa.